Darasi na 9: Zaɓen Kayan Jariri Idan Kuɗi Ba Yawa

Buƙatun sabon jariri ba su da yawa. Yana son nono, da ɗumi, da tsabta, da wurin kwana mai aminci, sai kuma a garzaya da shi asibiti idan jikinsa ya ƙi daɗi. Amma wanda ya shiga shagon kayan jarirai zai ɗauka yaro ba ya rayuwa sai an cika ɗaki da kaya. Masu sayarwa sun san zuciyar mai jiran haihuwa, balle in ta fari ce. Komai aka ɗaga mata sai ta ji kamar rashin sayensa rashin ƙauna ne.

Akwai tambaya guda da za ku riƙe a wannan darasi. Duk abin da kuka ɗauka za ku saya, ku fara tambayar kanku: "In babu wannan, me zai sami jaririn?" In amsar ita ce zai ji sanyi, ko zai kwana cikin ƙazanta, ko zai shiga haɗari, to ku saya. In amsar ita ce mutane za su yi magana, ku ajiye shi inda kuka ɗauko.

Riga ba ta jiran yaro

Yawancin jarirai ana haihuwarsu da nauyin kilo 3 zuwa 3 da rabi. Kafin su cika wata 5 ko 6 nauyin ya ninka biyu, kafin shekara kuma ya kusa ninka uku. Ke nan rigar da ta yi wa jariri daidai a makon farko, bayan 'yan makonni ba za ta shiga ba. Uwa da yawa sun tara ƙananan riguna, yaro ya wuce su tun suna cikin leda.

Riguna 6 zuwa 8 masu laushi na auduga sun isa farawa, da hula 2, da safa, da shawul ko tawul mai taushi guda 2 ko 3. Ku ɗauki masu ɗan girma. Hannun riga in ya yi tsawo ana naɗe shi, in ya yi gajere ba dabara. Ku zaɓi mai faɗin wuya ko mai buɗewa ta gaba, domin za a cire ta sau da yawa a yini. Rigar kwalliya mai kauri da duwatsu tana da kyau a hoto, amma tana kartar fata, kuma wankinta wahala.

Gwanjo da kayan da 'yan'uwa suka bayar ba abin kunya ba ne. Kayan jarirai ba sa tsufa, gajarta kawai suke yi. A wanke su da sabulu, a shanya a rana, a ja kowane maɓalli a ga ko ya yi sako-sako, domin wanda ya cire yana iya shaƙe yaro. Duk igiya ko zare da ke kusa da wuya a yanke. Takalmi kuwa ba shi da aiki sai yaro ya fara tafiya a waje.

Abincin da ba a saye

A nan ne mafi yawan kuɗi yake tsira ko ya salwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Nono zalla yana nufin ko ruwa ba a ba shi, saboda fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, kada a matse shi a zubar, yana ɗauke da abubuwan da ke kare jariri daga cututtuka.

Sau da yawa uwa takan ji tsoron nononta bai isa ba, don ta ga yaro yana nema akai-akai. Sabon jariri yakan sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana, cikinsa ƙarami ne. Alamar da za a duba ita ce fitsari da nauyi. In ya wuce kwana 5 yana jiƙa nafkin 6 ko fiye a yini, kuma nauyinsa yana ƙaruwa a ma'aunin asibiti, to yana ƙoshi.

Madarar gwangwani ba gwangwani ɗaya ba ce. Wanda ya fara ta ya ɗauko sayayyar watanni, ga bulumboti, ga makamashin tafasa ruwa, ga sabulu. Kuma da zarar yaro ya rage tsotso, nonon uwa yana raguwa, sai gwangwanin ya zama dole. Tun 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin da suka hana tallata irin wannan madara ga jama'a da raba ta kyauta ga iyaye mata, saboda an ga yadda talla ke raba jarirai da nono a gidajen da ba su da ƙarfin ci gaba da saye.

Akwai matan da shayarwa ba ta yiwu musu ba, saboda rashin lafiya ko wani dalili, kuma ba laifinsu ba ne. In ma'aikacin lafiya ya ce a ba da madara, a bi awon da ke jikin gwangwani daidai. A tafasa ruwa, a haɗa tun yana da zafi sosai, bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce kafin a bayar. Wadda ta yi awa 2 a ajiye a zubar da ita. Babban haɗari ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe. Wannan tattali ne da ke ramar da yaro, yana ma iya jawo masa jijjiga. Ƙaramin kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa, ma'aikatan lafiya suna koyar da yadda ake ba jariri da shi.

Maigida da ke tunanin inda zai sa ɗan abin da ke hannunsa, ya sa shi a abincin mai jego.

Lissafin famfas

Ku ɗauko fensir. A watan farko jariri yakan ɓata famfas kamar 10 a yini. Ku ninka 10 sau 30. Kun sami 300 a wata guda, kuma kowanne shara zai tafi.

Nafkin na yadi guda 20 zuwa 24 suna iya ɗaukar yaro tsawon lokaci, har ƙaninsa ya gada. Sai dai suna cin ruwa da sabulu da ƙarfin mai wanki, kuma a lokacin da rana ba ta fitowa sosai ba sa bushewa da wuri. Gidaje da yawa suna haɗawa: na yadi da rana a gida, famfas da dare ko in za a fita. Daidai ruwa daidai tsaki.

In za ku sayi famfas, kada ku dubi kuɗin ƙunshi, ku dubi kuɗin ƙwaya ɗaya. Ku raba kuɗin da adadin da ke ciki. Wani lokaci babban ƙunshi ya fi araha, wani lokaci girman leda ne kawai. Kuma kada ku tara ƙaramar lamba da yawa, cinyar yaro za ta wuce ta kafin ku ƙarar. Ruwa mai ɗumi da tsumma mai laushi suna yin aikin da takardar goge-goge ta kanti ke yi.

Inda zai kwana

A shekarar 1938 gwamnatin ƙasar Finlan ta fara ba mata masu ƙaramin ƙarfi kwalin kayan haihuwa, a 1949 kuma aka mayar da shi na kowace mai ciki, da sharaɗin ta je awo da wuri. A cikin kwalin akwai tufafi da kayan shimfiɗa da 'yar katifa daidai gindinsa. In an kwashe kayan, kwalin ya zama gadon jariri na watannin farko. Har yau ana bayarwa, kuma 'ya'yan masu hali da na marasa hali sun kwana a cikinsa.

Abin da ke sa wurin kwana ya zama mai aminci ba tsadarsa ba ce. A kwantar da jariri rigingine, a kan shimfiɗa mai ɗan tauri wadda ba ta lotsawa, ba gangare. Babu filo, babu 'yartsana, babu bargo mai kauri da zai iya rufe masa hanci. Ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata 6 na farko, nesa da hayaƙin taba da na girki. Kujera mai laushi ba wurin barcin jariri ba ce. Kun ga a nan aminci da araha hanyarsu ɗaya, domin yawancin abubuwan da ake ƙawata gado da su su ne ake cewa a cire. A 2022 Amurka ta haramta sayar da matasan nan masu laushi da ake zagaye cikin gadon jarirai da su, saboda yaran da suka shaƙe.

In an ba ku tsohon gado, ku girgiza shi ku ji ko yana motsi. Tazarar da ke tsakanin sandunansa kada ta wuce santimita 6, don kan yaro ko jikinsa kada ya maƙale. Katifar ta cika gadon, ba rami a gefe. Inda ake fama da sauro, gidan sauro yana gaba da gado a jerin sayayya.

Karatu: hirar ya da ƙanwa

"Yaya, ga takardar da na rubuta. Duba mini ko na manta wani abu."

"Mantuwa? Ai ƙari kika yi. Wannan keken koyon tafiya fa?"

"Na ga kowa yana saye ne."

"Soke shi. Ba ya koya wa yaro tafiya, sai dai ya kai shi bakin matakala ko wurin tukunya kafin ki juyo. Ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Shimfiɗa masa tabarma, zai tashi da kansa."

"To hoda da turaren jarirai?"

"Hoda in ta tashi huhunsa take shiga. Sabulu marar ƙamshi guda ɗaya da man shafawa sun wadatar. Cibiya kuma a bar ta a bushe da tsabta, kada ki sa mata komai sai abin da aka ba ki a asibiti."

"Bahon wanka fa, Yaya? Na ga wani mai kujera a ciki."

"Robar da kike da ita in kin wanke ta tas kin ware masa, ta isa. Amma ban ga audugar mata a takardarki ba. Kin rubuta wa yaro abu ashirin, ke ko ɗaya."

Kuɗin da ba a taɓawa

Akwai 'yan abubuwan da araha ba ta da amfani a kansu. Kan bulumboti na roba ba a sayen tsoho. Kujerar jariri ta mota, ga masu mota, ba a karɓar wadda ba a san tarihinta ba, domin wadda ta taɓa shiga hatsari tana iya tsagewa ta ciki ba a gani. Ma'aunin zafin jiki na dijital ƙaramin abu ne, amma ya fi kayan wasa goma amfani.

Kafin ku sayi riga ta biyu ma, ku ware kuɗin mota da na asibiti, ku ajiye inda hannu ba ya yawan kaiwa. Naƙuda ba ta sallama, ciwon jariri kuma yana gudu. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi kama nono, ko yana numfashi da sauri, ko jikinsa ya saki, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Gidan da ya ƙarar da komai a kan kayan ado shi ne zai tsaya neman rance a irin wannan sa'a.

Sauran sayayya a yi ta kaɗan-kaɗan tun ciki yana wata 5 ko 6, abu ɗaya ko biyu duk lokacin da kuɗi suka shigo. In dangi ko abokai sun tambayi abin da za su kawo, ku faɗa musu gaskiya. Wanda ba a faɗa wa ba, ƙaramar riga zai kawo, irin wadda kuke da ita guda takwas.

Aiki

1. Ku rubuta kayan jariri 10 da kuka sani. A gaban kowanne ku rubuta abin da zai sami jariri in babu shi. Ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda za a iya jinkirtawa.

2. Jariri yana ɓata famfas 8 a yini. Nawa zai ɓata a mako 1? Nawa a kwana 30? In an koma nafkin na yadi da rana, ana sa famfas 2 kawai da dare, nawa za a saya a kwana 30?

3. Ƙunshi ɗaya yana da famfas 20, wani yana da 44, kuma kuɗin na biyun ya ninka na farkon sau biyu daidai. Wanne ya fi araha? Ku bayyana wa na kusa da ku yadda kuka gane.