In an daki motarka ta baya, ga yadda zaka bi da inshora da gyara kar asara ta hau kanka

Jama'a salam. Mu dai al'adarmu da an buga maka mota ta baya sai a fito a leƙa bamba, a ga ɗan tsagewa ne kawai, mutane su taru ana "Allah ya tsare gaba, ai abun ya zo da sauƙi, a yi haƙuri", wanda yayi bugun ya ciro ɗan abinda ke aljihunsa ya miƙa, kowa ya kama gabansa. Ni ma haka ta faru dani a danja kan titin Zariya a Kano, ina tsaye ina jiran a bamu hannu naji duuum ta baya, na duba naga bamba ce kawai ta karce na ce ba komai Allah ya kiyaye gaba, sai da na je gida but ya ƙi rufuwa, da fanal bita ya ɗaga kafet ya cire safaya sai ga ramin tayar ya lanƙwashe kamar an take gwangwani, mai bugun kuma ko lambar wayarsa ban karɓa ba. Yafiya abu ne mai kyau wallahi, ba ina hana kowa bane, amma ka fara sanin girman abinda kake yafewa tukunna, don bambar motocin yanzu roba ce, tana lotsawa ta dawo kamar ba abinda ya faru alhali ƙarfen da ke bayanta ya riga ya tafi.

Toh da abun ya faru, ka kunna fitilar hazad, ka duba mutanen cikin motarka da na waccan, in da wanda ya ji ciwo asibiti ne farko ba mota ba, lambar Road Safety 122 ce, akwai kuma 112. Kuma ciwon bugun baya munafuki ne, a wurin ba zaka ji komai ba sai washegari wuya ya ƙage ko kai ya dinga sarawa, in ka ji haka ka je a duba ka kuma ka ajiye takardar asibiti da rasit. Kafin a matsar da motocin daga titi ka ɗau hoto da bidiyo yadda suke tsaye, lambar motarsa ta fito, inda aka bugu ya fito, danja ko shatale-talen da ke wurin ya fito, minti biyu ya isa, sannan ku gangara gefe kar ku haɗa gosulo 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano su zo su ƙara maku wata rigimar. Sai ka ɗau hoton lasisinsa da takardun mota da takardar inshora, ka karɓi lambar waya ka kira a gabansa ka ji ta shiga. In direba ne yake cewa motar ta oga ce, ko ɗan sahu ne mai biyan balas, ka karɓi lambar mai abin hawan don da shi za a ƙare magana. In akwai wani mai shago ko mai shayi da ya ga abun da idonsa ka roƙe shi lamba shima. 'Yan uwa mata masu tuƙi, in kika ga an fara yi miki taron dangi ana ɗaga murya, ki koma cikin mota ki kira wani naki ya zo, ba dole sai kin yanke magana a tsaye a titi ba.

Maganar waye da laifi, galibi na baya ne, don shi aka ɗora wa barin tazara tsakaninsa da na gaba, cewa "ai shi ya taka burki kwatsam" ba ta cika fitar da shi ba. Amma ba kullum ba, in kai ne kake ribas, ko fitilar burkinka ta mutu, ko ka yanko masa gaba ba sigina, to ana iya juyo da maganar kanka. In kuma motoci uku ne a jere aka turo wani ya same ka, nan kam kar ma ku tsaya musu, ku kira 'yan sandan MTD, wato sashen da ke kula da haɗarin mota, su auna su rubuta.

Yanzu inshora, nan ne mutanenmu suka fi yin asara saboda mun ɗauka takarda ce kawai ta nuna wa ɗan sanda. Wannan da ake sabuntawa tare da takardun mota, tad fati, tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta maida ita naira 15,000 a shekara ga motar gida, da can 5,000 ce, kuma abinda za ta iya biya na dukiyar wani da ka lalata ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Adaidaita sahu 5,000 yake biya iyakarsa miliyan 2, babur 3,000 iyakarsa miliyan 1, raunin jiki kuma lissafinsa daban ne baya cikin wannan. Abinda nake so a gane shine tad fati ɗinka ba za ta gyara maka motarka ba ko sisi, an yi ta ne don wanda kai ka buga. Kenan in an dake ka ta baya, takardar wancan mutumin ce za ta gyara taka, shiyasa na ce ka ɗau hotonta. Kuma tun kuna wurin ka danna *565*11# a waya ka sa lambar motarsa, ko ka shiga askniid.org, zai nuna maka in inshorar ta gaske ce da sunan kamfanin da ranar ƙarewarta. In bata fito ba to galibi ta mutu ne ko ta bogi ce, irin wadda ake bugawa a gindin bishiya, kuɗin gyara daga aljihunsa zai fito. Taka ma ka duba yau ɗin nan, mutane da yawa sun bada kuɗi an kawo masu takarda mai kyau da hatimi amma babu ita a rumbun bayanan inshora, kuma tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsawa akan maganar.

In inshorar wanda ya buge ka ta gaske ce, ga yadda ake bi. Ku je ofishin 'yan sanda a rubuta rahoto, don kamfani zai tambaya. Kai sai ka samo kiyasin gyara a rubuce daga gareji mai takarda da hatimi, a jera kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin aiki, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa cewa ranar kaza a wuri kaza motarka mai lamba kaza ta bugi tawa ga abinda nake nema, ka haɗa da hotuna. Shi kuma zai sanar da kamfaninsa ko dillalin da ya yi masa inshorar, ya cike fom ɗin kilem, wato na neman a biya, ya haɗa kwafin lasisi da takardun mota da wasiƙarka. A yi wannan da wuri, kwana ɗaya biyu, don kowace takardar inshora tana da wa'adin sanarwa a jikinta kuma jinkiri na daga cikin hujjojin da ake ƙin biya dasu. Sannan babban kuskure, dan Allah kar ka bari a taɓa motar kafin injiniyan kamfani ya zo ya gani ko su baka izini a rubuce, nasan da zafi mota tana ajiye kana hawa sahu kana kai yara makaranta, amma in ka gyara kafin su gani sai su ce basu san abinda ya lalace ba. In kai ne ka yi bugun kuma, ka bada haƙuri da mutunci ka taimaka, amma kar ka sa hannu a takardar cewa zaka biya kaza kafin ka kira kamfaninka, sharaɗi ne a yawancin takardun.

Mai kwamfurehensif, wato inshorar da ke gyara har motar mai ita, shi abun ya fi masa sauƙi, kamfaninsa zai kira kawai su gyara masa, su kuma su bi wancan su karɓi kuɗinsu. Tana da tsada kam, NAICOM ta ce kar ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, motar miliyan 10 kenan 500,000 a shekara. Ka karanta wurin da aka rubuta ekses, wato wani kaso da kai zaka cika daga aljihunka a kowane gyara, kuma in motar ta tsufa aka sa mata sabon kaya dal suna iya cewa ka ƙara wani abu. Wanda zuciyarsa bata kwanta da inshora ba saboda addini, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yin ta mota kuma ƙarƙashin NAICOM ɗin suke. In kamfani ya dinga yi maka je ka dawo, ka dinga tura komai ta imel don ya zama da shaida, in abun ya ƙi ka kai ƙorafi NAICOM, suna da sashen karɓar koke.

In kuma sulhu kuka zaɓa ba inshora, ba laifi, amma a yi shi a gareji ba a bakin titi ba. Ku tafi tare, a buɗe a gani, a rubuta abinda ya ɗauka da ranar da zai biya, ku sa hannu da shaidu biyu. Ya tura kuɗin ta banki ya fi. Kuma kar ka yarda da "kawo in kai wajen yarona ya gyara" sai dai in kai ma ka san aikin yaron, don wanda zai biya shi zai faranta wa ba kai ba.

A garejin ka tsaya a cire bambar gabaɗaya a gabanka, a duba ƙarfen da ke bayanta da ƙafafun shasi, a ɗaga kafet a ga ramin safaya, a buɗe but a rufe sau da yawa, ka duba tazarar murfin hagu da dama in sun yi daidai, ƙofofin baya ma ka gwada su. A leƙa ƙasa a ga salansa da tankin mai. Robar bakin but in bata zauna ba ruwa zai dinga shiga da damina, abinda ya fi wannan haɗari ma hayaƙin salansa ne ya dinga shigowa cikin mota yara suna baya. Rewaya ya duba fitilu da sigina da kyamarar ribas in akwai. Masu tukunyar gas ta CNG a but, ku kam kar ku yi wasa, a kashe bawul ɗin a maida motar wurin da aka juya ta zuwa gas su duba tukunyar da bututunta, ba aikin mai walda bane, kar ma a kunna wuta kusa da ita.

Kaya kuwa, in zaka shiga kasuwar Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tafi da tsohon a hannu a gwada, sau da yawa ɗan Beljiyam na asali ya fi sabo na kwali zama daidai, musamman fitilar baya, ka duba kunnuwan da ake ɗaurewa basu karye an liƙe ba, ka karɓi rasit da sharaɗin in bai hau ba zaka dawo dashi. Ka ce wa fanal bita ya ja ƙarfen ya dawo wurinsa, ba ya cika rami da fila ba, fila mai kauri zafin rana kaɗai ya isa ya tsattsaga ta, in ka manna maganaɗisu ya ƙi kamawa to an labta. Mai fenti ya yi aiki da lambar kalar motar, galibi tana jikin sitika a ginshiƙin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, ba haɗin ido ba. Kar ka biya duka kuɗin aiki tun farko, rabi ya isa.

Ranar karɓa ka je da rana tsaka ba da magariba ba, a fito da ita fili ka kalli fentin ta gefe, a watsa ruwa da tiyo akan but a buɗe a ga ko ya shiga, ka hau titi ka ɗan sassauta riƙon sitiyari ka ji ko tana ja gefe, in tana ja a kai ta alaimen. Takardar da kamfani zai kawo ka sa hannu cewa an sallame ka, sai bayan duk wannan zaka sa, don da ka sa hannu sun rufe fayil, abinda ya ɓullo daga baya naka ne.