In ciwon baya ya kama ka farat ɗaya

Da farko dai ka duba, in fitsari ko bayan gida na kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu ba ka jin taɓi, ko ƙafa ta saki, to maza sai imajensi, kar a tsaya shafa man zafi.

In babu waɗannan, don Allah kar ka lafe a gado kwana da kwanaki, ƙara sandarewa bayan zai yi, ka riƙa ɗan tattaki a tsakar gida. Ka ɗora tawul mai ɗumi a kwankwaso kamar minti 15 zuwa 20. Wajen kwanciya rigingine sa filo ƙarƙashin gwiwoyi, in za ka tashi kuma mirgina gefe tukuna, ka sauko da ƙafafu sannan ka dogara da hannu. Yawanci yana sauƙi cikin sati 6, in ya ƙi sai ka nemi likitan fisiyo, wato likitan gashi da motsa gaɓɓai.