Kurakuran da aka fi yi wajen rubutu a kan Joseph Hunter

An haifi Joseph Hunter a Sheffield ta ƙasar Ingila a 1783, ya rasu a 1861. Fasto ne, kuma mai tono tarihin garuruwa daga tsofaffin takardu. Masu ɗauko bayani daga gare shi sukan yi tuntuɓe a wurare kusan iri ɗaya.

Kuskure na farko shi ne a kira shi limamin Cocin Ingila. Hunter ɗan ɗariƙar Yunitariya ne, Kiristocin da ba su yarda da aƙidar Triniti (Allah ɗaya cikin uku: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki) ba, kuma sai a 1813 majalisar dokoki ta janye hukuncin da ke kan masu musun wannan aƙida. Kada kuma a zarce a ce Musulunci suke bi a ɓoye. Littafi Mai Tsarki suke karantawa, a majami'a suke ibada.

Wurare ma suna rikita mutane. Kwalejin Manchester da ya yi karatu a cikinta tana birnin York a lokacin, don an mayar da ita can a 1803. Aikin fasto kuwa a Bath ya yi shi, daga 1809 zuwa 1833, kafin ya koma Landan aikin adana takardun gwamnati. Littafinsa South Yorkshire, mai juzu'i biyu (1828 da 1831), yankin coci na Doncaster yake nufi. Gundumar mulki mai suna South Yorkshire sai a 1974 aka ƙirƙiro ta, iyakokinsu ba ɗaya ba ne.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne rashin duba bugu. Littafinsa Hallamshire, tarihin Sheffield da kewayenta, ya fito a 1819. A 1869, shekara takwas bayan rasuwarsa, Alfred Gatty ya sake buga shi da ƙari mai yawa. Kafin ka jingina wa Hunter magana, buɗe shafin farko ka ga shekarar bugu, sannan ka nemi maganar a bugun 1819. In ba ta can, wataƙila ta Gatty ce. Duk abin da ya faru bayan 1861 kuwa, babu shakka ba alƙalamin Hunter ba ne.

Sai batun Robin Hood, ɗan fashin da ya shahara a tatsuniyoyin Ingila. A 1852 Hunter ya kawo ra'ayin cewa wani Robyn Hode da ke cikin lissafin albashin fadar Sarki Edward na Biyu a 1324 shi ne ɗan fashin tatsuniya, wanda sarki ya yafe wa ya ɗauka aiki. Daga baya aka gano takardar da ta nuna mutumin yana karɓar albashi tun Yunin 1323, kafin sarkin ya isa garin Nottingham a Nuwamba, inda aka zaci yafewar ta faru. Takardun da Hunter ya kwafo ingantattu ne, hasashen da ya ɗora a kansu ne ya rushe. Ka raba biyun a rubutunka.

Mai bin sawunsa wajen neman asalin iyalai ya kula da kwanan wata. Kafin 1752, shekara a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka Fabrairun 1700 a rajistar coci Fabrairun 1701 ne a lissafinmu, sai a rubuta 1700/1. Baftismar 'yan Yunitariya a rajistar majami'arsu ake nemanta, amma aurensu tsakanin 1754 da 1837 yana rajistar Cocin Ingila, domin doka ta tilasta a ɗaura shi a can.