Yadda ake gina ƙananan taurari da mai karatu ba zai manta da su ba

A labarai da yawa da ake sakawa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ƙawar jaruma ba ta da aiki sai ta shigo ɗaki, ta zauna bakin gado, ta ce "Ki yi haƙuri, komai mai wucewa ne," ta tashi ta fita. Ba a san gidan da ta fito ba, ba a san me ke damunta ba. Shi ya sa ake gama littafin a manta sunanta. Ƙaramin tauraro yana zama a zuciyar mai karatu ne idan yana da buƙatar kansa wadda ba ta jarumi ba.

Fara da takarda. Kafin ka saka shi cikin labari, rubuta layi uku a kansa: me yake nema a wannan watan, me yake ɓoyewa, kuma me zai samu ko zai rasa idan jarumi ya cimma burinsa. Layi na ukun nan shi ne ginshiƙi, domin shi ke ɗaure shi da jigon labarin.

Ɗauki dillaliya a misali. An saba kawo ta don ta ɗauko gulma daga wancan gida zuwa wannan, shi ke nan. To ka ba ta bashi: ta ba uwar jaruma atamfa turmi biyu tun kafin salla, ba a biya ba, ga zubin adashi ya matso. Yanzu in ta shigo tana zuga a amince da Alhajin da ke neman yarinyar, mai karatu ya san dalili, kuɗinta take hange a cikin kuɗin gaisuwa. Nuna ta a tsakar gida ta kwance bakin zani tana ƙirga canji, baki na yabon Alhaji, ido na kan ƙofar ɗakin da kayanta suke. Ba sai ka ce mai son kanta ce ba, an gani. Ran da yarinyar ta ƙi auren kuma, wannan matar tana da abin yi da kanta: ko ta tona asirin bashin a gaban kishiya, ko ta yafe. Duk wanda ta zaɓa, labarin ya motsa.

Sai harshe. Kowa da bakinsa. Mai gadi, malamin makarantar allo, ɗan acaɓa da goggo ba za su yi magana iri ɗaya ba, kuma yadda suke kiran jarumi ma ya bambanta: wani "Yallaɓai", wani "ɗan nan", wata kuwa ba za ta taɓa faɗin sunansa ba saboda sunan mijinta ne, sai ta kira shi da laƙabi. Wannan alkunyar kaɗai ta isa ta bambanta tsohuwa guda da sauran. In za ka sa karin harshe, ɗan kaɗan ya wadatar. Basakkwace ya ce "Mi kaka so?" sau ɗaya ko biyu, kunne ya kama. In ka cika kowane layi da shi, karatu ya yi nauyi, mutumin kuma ya koma abin dariya, wanda rashin adalci ne ga masu karin. Haka karin magana: ba kowane tsoho ne ke buɗe baki da ita ba. Ka ware wa mutum ɗaya, ka hana sauran.

Siffa ba ta buƙatar dogon bayani. Abu ɗaya da ido zai riƙe, kamar carbin da ba ya barin hannu ko tabarau da aka ɗaure da zare, ya fi sakin layi guda na tsawo da hasken fata.

Kula da sunaye. Hafsat, Halima da Hassana a gida ɗaya rikita mai karatu suke, musamman wanda ke karanta shafi ɗaya yau, wani bayan kwana biyu. Bambanta harafin farko da tsawon suna, ka haɗa da laƙabi irin su Ladi, Tanko ko Delu inda ya dace da shekaru da garin mutum.

Game da yawa, a littafi matsakaici ƙananan taurari uku zuwa biyar ne za ka iya ginawa sosai. Sauran su wuce da sunan aikinsu, direba, mai shayi, nas. In ka ga biyu suna aiki iri ɗaya, misali ƙawaye biyu masu ba da shawara, haɗe su su zama mutum ɗaya. Wanda ka gina kuma ya fito aƙalla sau uku: a gabatar da shi yana cikin harkarsa, ya dawo buƙatarsa ta ci karo da ta jarumi, sannan a ga yadda lamarinsa ya ƙare.

Wani lokaci ƙaramin tauraro yakan fi jarumi armashi har masu karatu su riƙa tambayarsa. Kada ka rage masa ƙarfi. Alama ce jarumin ne ba shi da buƙata mai zafi, can za ka koma ka gyara. Idan ka gama rubutu, ɗauki kowane ƙaramin tauraro ka karanta wuraren da ya fito kaɗai, a jere. Inda ka tarar ya yi abu don kawai kana son labari ya tafi, ba don abin da ka rubuta a layukan nan uku ba, sake wannan fitowar.