Yadda ake saita shokozoban gaba na keken hawan duwatsu

Yawancin waɗanda na gani sun sayi keken hawan duwatsu mai fok na iska (fok shi ne shokozoban gaba mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba), ko sabo ko na gwanjo, kuskure ɗaya suke yi: sai su kama kan keken su danna da hannu sau biyu, in sun ji laushi su ce ya yi, in sun ji tauri su shiga murɗa duk wani abin murɗawa da idonsu ya gani. Hannu ba ya auna fok. Nauyin mahayi ne ke auna shi, kuma duk saitin da aka yi kafin a daidaita iska da nauyin mai keken, aikin banza ne, domin za a sake shi daga farko.

Ka fara da sanin irin fok ɗin da ke hannunka. Idan a saman ƙafar hagu ta fok ɗin akwai murfi wanda in ka kwance shi za ka ga bawul irin na tayar mota, to na iska ne, kuma shi wannan bayani ya fi shafa. Idan kuwa abin murɗawa kawai ka gani, kamar yadda yake a SR Suntour XCT da ire-irensa masu araha, to sifirin ne a ciki, kuma abin da za ka iya yi bai wuce ka ɗan ƙara masa matsi ba. In ya yi maka tauri ko laushi ƙwarai, sai dai a canza sifirin ɗin gaba ɗaya. Na iska yana buƙatar famfonsa na musamman, ɗan ƙarami mai agogo wanda ke kai psi 300 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska). Kada ka kai shi wurin mai faci ya sa masa injin iska. Ɗakin iskar fok ƙarami ne ƙwarai, kafin ka ƙifta ido an wuce iyakar da kamfani ya rubuta. Famfon yana da ɗan tsada, amma mutum uku ko huɗu da ke hawa tare za su iya haɗa kuɗi su sayi guda, tun da ba kullum ake buƙatarsa ba.

Kafin ka taɓa iska, ka buɗe shuɗin abin murɗawa da ke saman ƙafar dama gaba ɗaya, wato ka juya shi hagu har ya tsaya. Shi ne ke rage saurin matsewar fok, kuma in yana rufe, awon da za ka yi zai yi maka ƙarya. Sannan ka duba bayan ƙafar fok ɗin ta ƙasa. Kamfanonin ƙera fok irin su RockShox da Fox sukan liƙa takarda a wurin mai nuna iskar da ta dace da kowane nauyi. Ka ɗauki nauyinka tare da hular kwano da takalmi da jakar baya da ruwan da kake ɗauka, ka zuba iskar da takardar ta ce. Wannan lamba mafari ce kawai.

A nan ne na daɗe ina shan wahala, kuma a nan nake so mai karatu ya nutsu. Fok na iska yana da ɗaki biyu a ciki, na sama da ke ɗaukar nauyi, da na ƙasa da ke sa farkon motsin ya yi laushi. Famfo ɗakin sama kaɗai yake cikawa. Iska ba ta ratsawa zuwa na ƙasa sai an danna fok ɗin ya wuce wani ɗan gurbi da ke jikin bututun ciki. Saboda haka idan ka buga iska a tashi ɗaya daga psi 30 zuwa 80 ka cire famfo, fok ɗin zai yi tauri kamar ƙarfe, sai ka zaci iskar ta yi yawa ka rage, bayan ka hau na minti biyar kuma ɗakunan su daidaita ka ga ya zube. Na yi mako biyu ina ƙarawa ina ragewa, har na kai ga zargin fok ɗin yana yoyo, alhali lafiyarsa ƙalau. Maganin shi ne duk bayan psi 10 da ka ƙara, ka danna fok ɗin a hankali kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyarsa (wato iyakar nisan da yake iya nutsewa), sau goma, sannan ka ci gaba. Idan ka kasa kunne, wani lokaci za ka ji ɗan huci lokacin da iskar ke ratsawa.

Akwai wani hucin kuma da ke ruɗar mutane, wato wanda ake ji lokacin kwance famfo. Wannan iskar cikin tiyon famfo ce, bawul ya riga ya rufe. Amma duk sanda ka sake ɗaura famfon, tiyon zai cika daga iskar fok, agogo ya nuna ƙasa da abin da ka zuba. Mutum sai ya ga haka ya ƙara iska fiye da kima don ya rama asarar da bai yi ba. Lambar da ka gani kafin ka kwance ita ce ke ciki.

Yanzu sai awon nutso, abin da masu harkar ke kira sag, wato gwargwadon yadda fok ke nutsewa da nauyinka kawai kana tsaye cik. A jikin ɗaya daga sandunan nan biyu masu sheƙi akwai zoben roba. In babu, ka ɗaura siririyar robar ɗaure waya sako-sako, ka yanke ta da ka gama don kada ta tara yashi ta karce sandar. Ka samu wani ya riƙe maka keken, ko ka jingina gwiwar hannu a bango. Ka tsaya a kan feda, ka ɗaga daga sirdi, gwiwoyi da hannuwa a ɗan lanƙwashe kamar za ka gangara dutse, domin a zaune nauyinka baya yake komawa, awon ya fito kaɗan. Ka ɗan yi tsalle-tsalle sau uku, ka tsaya shiru, kada ka matse birki. Mai taimaka maka ya tura zoben ƙasa har ya taɓa robar bakin ƙafar fok, sannan ka sauka a hankali ta gefe ba tare da ka danna kan keken ba. Ka sa rula ka auna daga bakin robar zuwa zoben.

Abin da ake nema shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tafiyar fok. Mai tafiyar milimita 100 zai nutse milimita 15 zuwa 20, mai 140 kuma 21 zuwa 28, mai 160 ya kama daga 24 zuwa 32. Wasu fok na RockShox an buga musu ma'aunin a jikin sandar, ba sai ka nemi rula ba. In nutson ya yi yawa ka ƙara psi 5, in ya yi kaɗan ka rage 5, ka sake danna fok ɗin ya daidaita, ka sake awo. Ka auna sau uku ka ɗauki na tsakiya, domin robobin ciki suna ɗan riƙe sanda, awo ɗaya ba ya isa. Ni kashi 20 nake farawa da shi a kowane keke, kuma ban ga dalilin da sabon mahayi zai fara da ƙasa da haka ba.

Sai bayan iska ta zauna ake taɓa jan abin murɗawa da ke ƙarƙashin ƙafar dama, wanda ke iko da saurin dawowar fok bayan ya matse. A wasu na RockShox za ka ga hoton kunkuru a gefe ɗaya da mai kama da zomo a ɗaya gefen. Ka juya shi dama har ya rufe, sannan ka dawo hagu kana ƙirga kowane ƙas da ya yi, ka tsaya a tsakiya. Ka tsaya a gefen keken, ka danna kansa da dukkan ƙarfinka da tafin hannu a buɗe, ka saki farat ɗaya. Idan taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, ya yi sauri, ka rufe ƙas biyu. Idan ya taso a sanyaye kamar mai jin barci, ka buɗe. Wurin da ake so shi ne inda ya dawo da hanzari amma tayar ba ta rabu da ƙasa ba. Sababbin mahaya sun fi karkata ga rufewa da yawa saboda tsoron tsalle, sai fok ɗin ya kasa miƙewa tsakanin dutse da dutse, ya yi ta nutsewa har hannu ya fara ciwo, su kuma su ɗora laifin a kan iska. Ka kuma tuna cewa duk sanda ka ƙara iska sosai, dawowar za ta ƙara ƙarfi, sai ka rufe jan ƙas ɗaya ko biyu.

Shuɗin na sama ka bar shi a buɗe, sai in gaban keken yana dulmiya da yawa a lokacin birki, sannan ka ƙara ƙas biyu. Makullin da ke tsayar da fok cik na hawan kwalta ne, kuma ka buɗe shi kafin gangara. Ka zaɓi gajeriyar hanya ɗaya mai duwatsu ka maimaita ta, kana canza abu ɗaya tak a kowane zagaye, kana rubuta psi da adadin ƙas a wayarka. In nutso daidai yake amma zoben yana kaiwa ƙarshe a ƙananan ramuka, ana kwance murfin iska, bayan an sace iskar duka, a ƙara ɗan robar da ke rage girman ɗakin iska guda ɗaya. In kuwa zoben ba ya wuce kashi biyu cikin uku ko a wuri mafi muni, a cire ɗaya. Bayan kowane hawa ka goge sandunan da tsumma mai tsabta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. RockShox ta ce a canza man ƙafafun ƙasa duk bayan awa 50 na hawa, Fox kuma ta sa cikakken sabis a awa 125 ko shekara guda, kuma fok na gwanjo da ba ka san tarihinsa ba gara a buɗe shi a zuba sabon mai tun kafin ka fara awon nutso.