Yadda na tsayar da yoyon rufin tsohon gidanmu

Rufin gidanmu shimfiɗaɗɗe ne, na kankare, kuma ya kwana biyu. Duk ruwan da aka yi sai na tara bokiti a kusurwar ɗaki. Sau biyu ina shafe saman wurin da siminti, a banza.

Ashe inda ruwa ke ɗiga ba nan yake shiga ba. Na hau da tiyo ina jiƙa rufin kashi-kashi, minti 15 kowane ɓangare, ƙanena na ciki yana kallo. Sai ga shi: siririyar tsaga a mahaɗar rufin da ƙaramar katangar gefe, kusan mita 2 daga inda nake zargi. Indararo kuma ya toshe da ganye, ruwa na kwanciya daidai kan tsagar.

Na yashe indararon, na buɗa tsagar da kurfi, na goge ƙura, na bar ta kwana 2 ta bushe ƙayau. Kada ka yi gaggawa a nan, kwalta ba ta kama wuri mai danshi. Sannan na shafa kwalta mai ruwa, na shimfiɗa ƙyallen fiba ya hau katangar kamar taƙi guda, na ƙara shafi biyu.

An tafka ruwa sau uku tun lokacin, bokitin a bushe.