Kurakuran da aka fi yi wajen saita shiyyar tarewa a eriyar jirgin ruwa

Eriyar da ke cikin farin ƙoƙon nan a saman jirgin ruwa tana bin tauraron ɗan adam da ke nisan kilomita 35,786 a saman layin ikwaita da ya raba duniya biyu. Jirgi na juyawa, ita ma tana juyawa don kada ta rabu da shi. Amma ba ta da ido. Idan bututun hayaƙi ko doguwar sandar rada ko injin ɗaga kaya ya shiga tsakaninsu, sigina kawai za ta ga ya faɗi, sai ta shiga lalube. Shi ya sa ake gaya mata tun farko inda ƙarfe ya tare ta, da lambobin digiri, wato shiyyar tarewa. A wajen shigar da lambobin nan ne aka fi yin ɓarna.

Babban kuskure shi ne auna kusurwa daga arewa. Mutum ya ɗauki kamfas a tashar Apapa, ya ga bututun hayaƙi yana digiri 200, ya rubuta. Da jirgi ya juya, lissafin ya rushe. Shiyyar tarewa daga goshin jirgi ake ƙirga ta: goshi sifili, dama 90, baya 180, hagu 270, bisa tafiyar hannun agogo. Kuma daga inda eriyar take tsaye za a auna, ba daga ɗakin tuƙi ko tsakiyar jirgi ba. Eriyar da aka kafa a gefen hagu ba za ta ga bututun a 180 daidai ba, ko da zanen jirgi ya nuna shi a tsakiya.

Duk wannan ma sai in ita kanta eriyar ta san inda goshin yake. Sau da yawa ana kafa ta a karkace don ƙofar gyara ta fuskanci tsani, a manta da shigar da gyaran karkatar.  To duk shiyyoyin za su goce da adadi ɗaya. Alamarsa ita ce sigina ya mutu kafin na'ura ta ce an tare, sannan ta ci gaba da cewa an tare bayan hanya ta buɗe. Kada a taɓa shiyyoyin, a gyara alkiblar.

Sai shiyyar da ta ratsa goshi. Sanda a gaba, daga 350 zuwa 10, digiri ashirin ke nan. Wanda ya juya lambobin ya sa 10 zuwa 350 ya rufe wa kansa digiri 340 na sararin sama. Abin dariya ne, amma yana faruwa.

Inda na fi ganin ana rowa shi ne faɗin shiyyar. A ce bututu mai faɗin mita 4 yana nisan mita 10 daga eriya. Lissafi zai ba da kusan digiri 23. Sai dai faifan eriyar ba ɗigo ba ne, yana da faɗin mita ɗaya, kuma gefensa na shiga inuwar ƙarfen tun kafin tsakiyarsa ta kai. In an haɗa da faɗin faifan, lissafin ya kusa digiri 28. Gara a ƙara 'yan digiri a kowane gefe. Amma fa kada a wuce gona da iri, domin duk digirin da aka rufe a banza lokaci ne da ma'aikatan jirgi za su zauna ba intanet alhali tauraron na nan a fili.

Tsayi kuma, wato digirin da eriya ke ɗaga kai sama, mutane da yawa ba sa kula da shi, sai su bar shiyyar ta kai har 90. A gaɓar Legas tauraron da ke saitin wurin yana iya kaiwa sama da digiri 80, ya wuce kan kowane bututu. Jirgin nan in ya isa Rotadam ta ƙasar Holan, da kyar tsayin zai wuce digiri 30, abin da bai taɓa damun kowa ba ya zama katanga. Don haka a auna tsayin abin da ya tare, a ƙara masa kaɗan saboda tangaɗin jirgi, kuma a saita shi ko da hanyar da ake bi yanzu ba ta nuna matsala.

Akwai bambanci tsakanin wurin da aka tare da wurin da aka hana aika sigina. Eriya ƙirar SAILOR 900, alal misali, tana karɓar shiyyoyi har 8, kuma kowace tana da zaɓin kashe aikawa. Duk inda mutane ke tsayawa daidai da bakin eriya, kamar baranda ko saman ɗakin tuƙi, dole a kunna wannan zaɓin. Maganar lafiyar jiki ce, saboda ƙarfin siginar da eriya ke aikawa, ba ta saurin intanet ba.

Jirgi mai eriya biyu an yi shi ne don ɗaya ta karɓa in an tare ɗaya. Na'urar da ke sauya su da shiyyoyin take aiki. Kwafe lambobin ta farko a zuba wa ta biyu yana kashe amfanin gaba ɗaya, tunda kowace daga wurinta take kallon ƙarfen. A tabbatar ba su da kusurwar da za su makance tare, kuma saƙon tarewar yana isa ga modem, na'urar da ke haɗa jirgin da intanet. A modem ƙirar iDirect saƙon ta OpenAMIP yake bi, wato tsarin da eriya da modem ke magana da juna.

Kuma jirgi ba ya zama yadda aka ƙera shi. An ƙara sabuwar sanda, an sauya inda hannun injin ɗaga kaya ke kwanciya, an jibge kwantena sun yi tsayi, lambobin shekarar da ta wuce suna nan yadda suke. Bayan kowane babban gyara a roƙi kyaftin ya juya jirgin zagaye guda a hankali cikin buɗaɗɗen ruwa, wani na rubuta ƙarfin sigina da kusurwar eriya. In akwai hali a maimaita da wani tauraron mai ƙasa da wancan tsayi, sannan a gyara lambobin bisa abin da takardar ta nuna.